Ka Fente Mutum-mutuminka da Hannunka ko Ka Ba Gwani? Fara Gwada Kanka da Fuska

Ranar da na buɗe kwalin mutum-mutumina na farko, abin da na tarar a ciki bai yi kama da hoton da ya ja ni na saya ba ko kaɗan. Gunduwa 31 ce ta rezin, wani sinadari mai kama da roba da ake zubawa a mazubi ya daskare, duk launin toka, kowace cikin 'yar ledarta. Kai daban, gashi an raba shi uku, hannaye biyu, takobi ya ɗan lanƙwashe, sai alkyabba da aka zuba gida biyu, wadda da na kara ɓangarorin na ga farce zai shige tsakaninsu. Babu launi, babu gam, takardar bayanin ma ɗaya ce tak, mai zanen inda kowace gunduwa take zama. Na baje su a tebur na zuba musu ido, sai tambayar da ke zuwa wa duk wanda ya shigo harkar nan ta zo mini: in yi da hannuna, ko in nemi gwani in biya shi?

Yau shekara 9 ke nan, na yi wannan na yi wancan. Shawarar da nake ba kowa ita ce kada ya fara da lissafin kuɗi, kada kuma hotunan aikin wasu su ruɗe shi. Ka nemo kai guda ɗaya mai araha, kai kawai ba jiki, ka fente shi sau uku. Wannan fuskar za ta gaya maka abin da ba wanda zai iya gaya maka.

Amma kafin nan, ka san abin da ke hannunka. Irin waɗannan mutum-mutumin da ake sayarwa gunduwa-gunduwa sun yi ƙarfi ne a Japan daga farkon shekarun 1980, lokacin da masu sassaƙa na sha'awa suka fara zuba abin da suka sassaƙa a ɗakunansu, suna sayar da 'yan kaɗan. Har gobe babbar kasuwarsu ita ce Wonder Festival, wadda kamfanin Kaiyodo ke shiryawa tun 1992, ana kuma cin ta sau biyu a shekara a Makuhari Messe da ke Chiba. A can akwai izinin yini ɗaya: mai haƙƙin wani tauraron zanen katun ya yarje wa mai sassaƙa ya sayar da siffarsa a ranar kasuwar kaɗai. Rana na faɗuwa, magana ta ƙare. Ga shi mazubin silikon ba ya jure zubi da yawa kafin ya fara yagewa. Saboda haka akwai wanda in ka ɓata shi, ka ɓata ke nan, ba za ka samu wani ba. Akwai kuma na zamani da ake bugawa da injin 3D, wanda in hannu ya karye sai a sake buga wani. Tambayar farko ke nan: in na lalata wannan, akwai madadinsa? In babu, ka mayar da shi kwalinsa tukuna. Ba a koyon hannu a kan abin da ba ya sayuwa.

Sai girma. In an ce 1/6, mutum mai tsawon santimita 180 ya koma santimita 30. A 1/8 ya koma 22 da rabi, a 1/4 kuma 45. Ka riƙe wannan, don a 1/6 faɗin ido gaba ɗaya bai wuce milimita 5 ba, baƙin cikinsa kuma kamar milimita 2. A wannan ɗan wurin ne aikin wata biyu yake tashi ko ya faɗi.

Aikin da ba a gani a hoto

Mutane suna zaton fenti ne aikin. Fiye da rabin lokacina a kan kowane mutum-mutumi yana tafiya ne tun ban buɗe kwalbar launi ko ɗaya ba.

Wanki ne farko. Masu zubi suna shafa wa mazubi wani mai don rezin ya fita ba tare da ya manne ba, kuma man nan yana biyo gunduwar har gidanka. Ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka, tsohon buroshin haƙori, ka bi kowane lungu, musamman tsakanin silin gashi da ninkin tufafi. In ka ɗauraye ka ga ruwan yana taruwa ɗigo-ɗigo a jiki maimakon ya kwanta, da sauran mai, ka sake. Mutum-mutumi na biyun da na yi, gaggawa ta sa na ɗauraye shi sama-sama. Bayan mako uku na manna salatif na takarda don in kare fatar wuya in fesa launin riga. Da na ɗaga salatif ɗin, fatar ta biyo shi ɗungurungum, har rezin ya fito fes. Na daɗe zaune riƙe da wannan ɗan salatif mai launin fata a jikinsa. Tun daga ranar nake wanki sau biyu, in bar gunduwoyin su kwana suna shan iska.

Bayan wanki sai ka bi kabu, wato siririn layin da ke fitowa inda ɓangarorin mazubi suka haɗu. Ka kankare shi a hankali da bakin ƙaramar wuƙa, ka bi da samfefa mai lamba 400, sai 600, sai 800 ko 1000. Ka jiƙa samfefar da ruwa. Ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce, ruwan yana kwantar da ita, kuma duk da haka ka sa takunkumi. Abin da ya lanƙwashe, irin takobin nan nawa, tsoma shi za ka yi a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, ya yi laushi, ka miƙar da shi da yatsu, ka tsunduma shi a ruwan sanyi ya daskare a haka.

Za ka ga ƙananan ramuka kamar sukar allura, inda kumfa ta maƙale lokacin zubi. Kada ka shafa foti, wato kwaɓin cike rami, a kansu haka nan, bakin ramin ƙarami ne amma cikinsa da faɗi, fotin zai toshe baki ya bar iska a ciki. Ka ɗan faɗaɗa ramin da tsinin wuƙa sannan ka cike. Manyan giɓi kuwa, irin na alkyabbar nan, foti mai gida biyu ake sa musu, kamar Milliput: ka yanko daidai wa daida, ka murza har launin ya zama ɗaya, ka danna, ka lailaye da jiƙaƙƙen yatsa, bayan 'yan awoyi ya yi tauri. In kana son ɓangarorin su riƙa rabuwa don ka fente kowane daban, ka shafa ɗan basilin a gefe ɗaya kafin ka matse su. Fotin zai ɗauki siffar gefen ba tare da ya kama shi ba.

Gam ɗin haɗa robobin wasa ba ya kama rezin, don shi narkar da roba yake yi, rezin kuwa ba ya narke masa. Sufa-gulu ko gam mai gida biyu ne abin amfani. Kuma gam kaɗai ba ya riƙe hannu mai nauyi. Sai ka huda ɓangarorin biyu ka sa wayar tagulla a tsakani: milimita 1 ga yatsu da silin gashi, 2 ko 3 ga ƙafar da za ta ɗauki nauyin jiki duka. Don ramukan su yi daidai, ka ɗiga fenti a tsakiyar gefe ɗaya, ka kara su, inda ɗigon ya taɓa nan za ka huda.

Sannan fentin shimfiɗa, wato shafin farko da sauran fenti ke kamawa. Na fi son mai launin toka, irin Mr. Surfacer 1000 ko 1200, lambar na ƙaruwa laushinsa na ƙaruwa. Ka duba jikin gwangwanin ka tabbatar ya dace da rezin. Ka fesa daga nisan kamar santimita 20, shafa-shafa, kada ya kwanta ya cike zanen gashi. Da ya bushe, ka kashe fitilar ɗaki ka haska shi daga gefe da fitila ɗaya. A nan duk abin da ka tsallake zai fito ya gaishe ka: kabun da ka ɗauka ka goge, ramin da ba ka gani ba. Ka gyara, ka sake fesawa, ka sake haskawa. Sau uku ba abin mamaki ba ne.

Fuskar

Fenti iri uku ne a harkar. Akwai akirilik na ruwa, irin Vallejo, ba shi da wari sosai, shi ya fi dacewa da mai farawa da buroshi. Akwai fentin lakka, irin Mr. Color da Gaianotes, mai saurin bushewa da ƙarfin kamu, amma tururinsa yana da illa, sai da takunkumi mai matatar tururin sinadari da ɗaki mai fitar da iska. Sai inamel, mai jinkirin bushewa. Ƙa'idar jera su ɗaya ce: mai ƙarfi a ƙasa, mai sanyi a sama. In ka kwantar da lakka da kauri a kan inamel, zai cinye shi ya yamutsa.

Ka tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, ka yi shafi huɗu ko biyar, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafin farko zai yi muni, dabbare-dabbare. Kada ka ƙara kauri don ka rufe shi, haƙuri za ka ƙara. Fata kuma ba launi ɗaya ba ce. Kalli bayan hannunka a hasken taga: gaɓoɓin yatsu sun fi duhu, gefen farce da ɗan ja, wani wurin jijiya ta ɗan yi kore. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in ga an zo fentin baƙar fata an haɗa ruwan ƙasa da baƙi an lafta, fuska ta mutu murus. Inuwar baƙar fata da ja mai duhu da shunayya ake yin ta, haskenta kuma da ruwan ƙasa mai ɗumi a goshi da karan hanci da tudun kunci. In ka fesa banish marar sheƙi, wato shafin kariya marar launi, kana iya kankaro garin allin zane mai launi, ka ɗauka da busasshen buroshi ka ɗan hura wa kunci da kunne rai.

Ido ne inda nake so ka tsaya ka daɗe. Ga yadda nake yi. Bayan fata ta kammala, na fesa banish mai sheƙi na lakka a fuskar, na bar shi ya bushe sarai. Sannan na zana idon da inamel. Hikimar ita ce, tinar inamel ba ta cin banish ɗin da ke ƙasa, don haka in layi ya karkace sai in jiƙa tsinin buroshi da tina in share, fata ba ta san an yi ba. Matakin da ya yi kyau, na sake fesa ɗan banish na kulle shi, sannan na ci gaba. Ta haka kuskuren gaba ba ya cin aikin baya.

Farin ido ba fari fat ba ne, ka karya shi da ɗigon toka ko launin fata, in ba haka ba mutumin zai fito a firgice. Baƙin idon ya ɗan shige ƙarƙashin fatar ido ta sama. Ka fara da idon da ya fi maka wuya: in kai badama ne, shi ne wanda ke hagunka, wanda hanci ke tare maka hannu. In ya samu, kwaikwayonsa a ɓangare mai sauƙi ba zai gagara ba. Ka jingina gwiwar hannu biyu a tebur, ka haɗa tafin hannun da ke riƙe da kan da wanda ke riƙe da buroshi, don in sun yi rawa su yi tare. Ɗigon hasken da ke cikin ido ya zauna gefe ɗaya a duka biyun. In ka gama, ka ɗaga kan a gaban madubi, ko ka ɗauki hotonsa a waya ka juya hoton. Idonka ya riga ya saba da karkacewar, madubi bai saba ba. Buroshi ba sai mai sili uku ba. Mai lamba 0 ko 1 da ke da tsini mai kyau, irin Series 7 na Winsor & Newton, ya fi ɗan mitsitsin da fenti ke bushewa a bakinsa kafin ya isa ido.

Ka gama? Ka ɗauki hoto a hasken rana, gaba da gefe. Sai ka wanke fentin. Akirilik yana fita da barasar goge-goge ta aisofurofil da buroshin haƙori. Lakka sai da tinarsa, amma gogewa za ka yi, kada ka jiƙa rezin a ciki ya daɗe, yana iya yin laushi. Ka sake daga shimfiɗa. Ka sake kuma karo na uku.

Yanzu jera hotunan uku. Abu biyu nake so ka duba. Na uku ya fi na farko? Kusan kowa zai ce e. Abu na biyun ya fi muhimmanci: lokacin da kake kan idon nan, agogo kake dubawa, ko ɗagowa ka yi ka ga dare ya raba? In dare ne ya raba ba ka sani ba, kai mai fenti ne, ka ci gaba. A lokacin ne ya dace ka sayi ƙaramar bindigar feshi mai baki milimita 0.3, irin ta Iwata ko Badger, da kwamfuresa mai tanki da matarar danshi, ka fara gwaji a kan cokulan roba da iska tsakanin 15 zuwa 20 a ma'aunin psi. Ka sani kuma, in ka tara kuɗin kayan aikin nan, mutum-mutuminka na farko zai iya fin na gwani tsada, ga shi ba zai kai nasa kyau ba. Riba sai a na biyar ko na shida. Nawa mai girman 1/6 yakan ci mini kamar awa 60.

In kuwa kowane zama azaba ne, kuma abin da ranka ke so shi ne ka shigo ɗaki ka gan shi tsaye a kanta ya yi kyau, to ka ba gwani, ba abin kunya a ciki. Kuma kan nan da ka fente sau uku bai tafi a banza ba, don yanzu kana da idon da za ka auna aikin wani.

In gwani za ka ba

Hoton da mai fenti ya zaɓa ya nuna wa duniya ba shi ne ma'auni ba. Ka roƙi hoton fuska daf da daf, da na baya, da na ƙarƙashin hammata, da inda gashi ya haɗu da goshi. Ka roƙi ɗan bidiyo a bakin taga ana juya abin a hannu, don bidiyo ya fi wuyar yi wa kwaskwarima. Ka duba kabu a gefen cinya da damtse. Wanda ya bar kabu ya fente a kansa ya nuna maka halinsa. Ka duba salo ma. Gwanin ƙananan sojoji masu milimita 28 ya saba da zafafa haske da inuwa don a gan su daga nesa, wannan hannun in ya sauka a fuskar 1/4 sai ta yi kamar an yi mata zane da gawayi. Mai fentin taurarin zanen Japan kuma santsi da tsabtar layi ya iya, ba lalle ya iya tsufa da tabo da gumi ba. Ka nemi wanda ya taɓa yin irin naka, a irin girmansa.

Komai a rubuce. Wa zai yi wanki da gyaran kabu da haɗawa, kuma yana cikin kuɗin aikin ko daban ne? Yaushe zai fara, ba yaushe zai gama kaɗai ba, don gwanaye layi gare su. Gyara nawa kake da shi kyauta? In gunduwa ta karye a hannunsa fa? Launi kuma kada ka ce “ja” ka yi shiru, ja kala-kala ne, ka tura hoto ka ce wannan. Ka ba da kafin alƙalami, amma kada ka biya duka sai ka ga aiki.

Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne hoto a matakai uku: bayan fentin shimfiɗa, bayan an gama fata da ido kafin a manna gashi, sai kafin banish na ƙarshe. Da tsada na koyi na tsakiyar. Wani mai fenti da na ba aiki ya ce wata 3, ya kai wata 11, ban ga komai ba sai hoton gamawa daga nesa. Da kaya ya iso, idon hagu yana kallon wani wuri daban, ga gashin gaba an manne shi da gam mai gida biyu ya rufe rabin fuskar, buroshi ba shi da hanyar shiga. Na yi masa magana ya ce haka sassaƙar take. Ni kuwa na riƙe wannan kan a hannuna tun yana launin toka, na san ba haka take ba. Da na ga hoto kafin a manna gashin, gyaran rabin awa ne.

Sai dawowa da shi, inda aiki mai kyau ya fi lalacewa. Ka ce kada a manne komai da komai. Kai, hannaye, makami da alkyabba su zo daban, a haɗa su da waya ko ƙananan maganaɗisu. Kowace gunduwa a naɗe ta da takarda mai laushi tukuna, don ledar nan mai ƙurajen iska in ta kwanta kai tsaye a kan fenti cikin zafi tana iya barin tambarinta. Soso a kewaye, kwali cikin kwali, da inshora. Ka kunna bidiyo kafin ka yanka salatif ɗin kwalin. Ka kuma tambaye shi sunan fenti da banish da ya yi amfani da su, ka rubuta ka ajiye, ranar da wani wuri ya ƙwarzane za ka neme su.

Akwai hanya ta tsakiya, ita nake bi da waɗanda ba su da madadi. Na yi wanki da gyara da tufafi da makami da kaina, na tura wa gwani kai. Abu biyu a nan: ka tambaye shi tun farko, don wasu ba sa karɓar abin da wani ya yi wa shimfiɗa, kuma ka tura duk inda fata ta fito tare da kan, hannaye da wuya da ƙafa, in ba haka ba fuska za ta zo da launi ɗaya hannu da wani.

Haka na yi da mai gunduwa 31 ɗin nan, bayan ya shekara 4 a kwalinsa. Kai da hannaye sun yi tafiya sun dawo, alkyabbar kuwa ni na cike giɓinta, na fesa mata shuɗi mai duhu shafi shida, na bi ninkinta da inuwa. Yana cikin akwatin gilashi a bangon da rana ba ta kaiwa, don hasken rana yana kashe launi yana sa banish ya yi rawaya. Duk wata nakan fito da shi in kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, in fara daga gashi in sauko. Kan gwajin nan kuma yana nan a gefen tebur, soke a kan tsinke. Makon jiya na sake wanke shi, don akwai wata fuskar dattijo da ke jira a kwali, kuma ban taɓa zana furfurar gira ba.